Daga Sakandare zuwa Babbar Makaranta: Jagorar Shirya Ɗalibi Mai Buƙata ta Musamman a Gwandu da Kalgo

Ɗalibi mai buƙata ta musamman, wato wanda lalurar gani, ko ta ji, ko ta gaɓoɓi, ko ta fahimta ke sa sai an yi masa wani tanadi kafin ya yi karatu daidai da tsararrakinsa, yakan kammala sakandare ne a hannun mutanen da suka san shi tun yana ƙarami, waɗanda ke ba shi kujerar gaba ba tare da ya roƙa ba, su karanta masa abin da ke kan allo, su kuma raka shi gida idan an tashi. Wannan gata yana yankewa ne ranar da ya shiga jami'a ko kwaleji, domin a can malami ɗaya yana iya fuskantar ɗaruruwan ɗalibai a lacca guda, kuma ofisoshi ba sa aiki da sanayya sai da abin da aka rubuta aka shigar cikin fayil. Saboda haka shirin da ake magana a kansa ya ginu ne kan abubuwa biyu: a bayyana buƙatar ɗalibin a rubuce kafin kowace jarrabawa da kowace rajista, sannan a riƙa miƙa masa ragamar al'amarinsa sannu a hankali, har ya zamana shi ne ke yin bayani da bakinsa ko da hannunsa, iyaye da malamai suna mara masa baya.

Abin da doka ta tanada

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin naƙasassu a shekarar 2010, sannan a watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda a ƙarƙashinta aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa a 2020. Sashe na 17 na dokar ya ba mai naƙasa haƙƙin neman ilimi ba tare da wariya ba, ya kuma ce karatunsa kyauta ne har zuwa matakin sakandare, yayin da sashe na 18 ya wajabta wa makarantun gwamnati, tun daga firamare har manyan makarantu, su kasance masu karɓar kowa, su tanadi ma'aikaci aƙalla ɗaya da ya sami horo kan wannan fanni, tare da kayan aiki na musamman. Dokar ta kuma ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin da ya cika a farkon 2024.

Abu biyu ne iyaye za su ɗauka daga nan. Na farko shi ne ɗalibin da ya nemi ƙarin lokaci a jarrabawa ko ɗaki a ƙasan bene haƙƙinsa yake nema, don haka babu dalilin jin nauyi. Na biyu kuwa shi ne alkawarin karatu kyauta ya tsaya ne a sakandare, wanda ke nufin kuɗin jami'a da na kayan karatu suna buƙatar lissafi tun da wuri.

Zaman tsara shiri

A Amurka doka ta tilasta wa makarantu rubuta wa kowane ɗalibi mai naƙasa tsarin ficewa daga sakandare, wanda zai fara aiki a lokacin da ya kai shekara 16, kuma duk da cewa a nan aikin ya fi rataya a wuyan iyaye da malamai, babu abin da zai hana su yin irinsa da littafin rubutu ɗaya. Lokacin da ya dace shi ne farkon aji ɗaya na babbar sakandare, domin a nan ne ake raba ɗalibai zuwa ɓangaren kimiyya, ko fasaha, ko kasuwanci, kuma darasin da aka bari a wannan aji shi ne yakan rufe ƙofar wani kwas bayan shekara uku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Waɗanda ya kamata su zauna sun haɗa da ɗalibin kansa, da mahaifi ko waliyyi, da malamin ajinsa, da malamin ba da shawara idan makarantar tana da shi, sannan in da hali a gayyaci wani mai irin lalurar da ya riga ya shiga babbar makaranta, wanda ana iya samunsa ta hanyar reshen jiha na haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta JONAPWD, ko ƙungiyar makafi, ko ta kurame. A garuruwan da har yanzu ake da sarkin makafi ko sarkin guragu, shigar da shi cikin shawarar yakan sauƙaƙa shawo kan dangin da ke ganin karatun bai wajaba ba, musamman idan ɗalibar mace ce kuma ana maganar ta kwana a makaranta. A zaman za a rubuta abin da ɗalibin ke son ya karanta da zaɓi na biyu, da darussan da kwas ɗin ke buƙata, da abin da yake iya yi da kansa, da abin da sai an taimaka masa, sannan a gaban kowane aiki a sa sunan wanda zai yi shi da watan da za a kammala. Ana sake buɗe littafin a ƙarshen kowane zango.

A wannan zama ne kuskure mafi yawa ke aukuwa, inda ake zaɓa wa ɗalibi kwas bisa lalurarsa, a ce makaho sai shari'a ko addini, kurma sai zane, gurgu sai aikin ofis, ba tare da an duba sakamakonsa ko an tambaye shi ba. Hanyar da ta fi ita ce a fara da darasin da ya fi ƙwarewa a kai, daga baya a bincika irin tanadin da zai sa ya iya karanta shi.

Dabarun da ɗalibi zai mallaka kafin ya bar gida

Mai lalurar gani yana buƙatar hanyoyi biyu na karatu, kuma ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya. Ta farko ita ce birel, rubutun da ake taɓawa da yatsa, wanda kowane harafinsa ke fitowa daga haɗin ɗigo shida, kuma mai rubuta shi da allo da tsinke yana huda takarda ne daga dama zuwa hagu, sannan ya juya ta ya karanta daga hagu zuwa dama, aikin da ke buƙatar shekaru kafin hannu ya yi saurin bin malami mai lacca. Ta biyu ita ce kwamfuta da waya masu manhajar karanta allo, wato manhajar da ke furta abin da ke rubuce, kamar NVDA wadda kyauta ce, da JAWS wadda ake saya, da TalkBack da ke cikin wayoyin Android. Ɗalibin da ya iya buga rubutu a kwamfuta ba tare da dubawa ba zai iya miƙa aikin gida da amsar jarrabawa ga malamin da bai san birel ba, kuma wannan ne ke raba shi da dogaro da mai rubuta masa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda ta biyo bayan amincewar Nijeriya da yarjejeniyar Marrakesh, ta halatta a mayar da littafi zuwa sigar da makaho zai iya karantawa, abin da ya kamata ɗalibi ya sani kafin ya je ɗakin karatu. Haka kuma ya zama ya iya tafiya da farar sanda shi kaɗai, domin ɗan jagora ba zai samu ba a kowace sa'a.

Kurman da ya tashi a ƙauyukan Gwandu ko Kalgo yakan fara ne da maganar hannu, wato harshen alamu da kurame Hausawa suka gada a tsakaninsu, alhali makarantu da tafintocin manyan makarantu suna amfani ne da harshen alamun da ya samo asali daga na Amurka, wanda Andrew Foster ya shigo da shi Nijeriya a 1960. Wajibi ne a tabbatar ɗalibin ya ƙware a na biyun ba tare da ya yar da na farkon ba, sannan a ba rubutun Turancinsa kulawa ta musamman, domin ginin jimlar harshen alamu ya bambanta da na Turanci, kuma da Turanci za a yi masa jarrabawa.

Mai lalurar gaɓoɓi zai koyi hawa da sauka daga keken guragu ba tare da an ɗauke shi ba inda hakan zai yiwu, da ƙananan gyare-gyare kamar facin taya da ɗaure birki, yayin da zabiya, wanda yawanci ganinsa ke da rauni kuma rana ke ƙona fatarsa, zai saba da neman rubutu mai manyan haruffa, da sanya hula mai faɗi da riga mai dogon hannu, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke tsananta a Kebbi.

Takardu

Takarda ta farko ita ce rahoton likita daga asibitin gwamnati, kamar Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi ko babban asibitin jiha da ke Kalgo, kuma rahoto mai amfani shi ne wanda bai tsaya ga sunan lalurar ba, ya ci gaba ya bayyana abin da take hanawa da abin da ake buƙata, misali cewa ɗalibin ba ya iya karanta rubutu na yau da kullum, ko ba ya iya riƙe alƙalami na tsawon lokaci. Sai lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, da takardar haihuwa, da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma daga sakatariyar Gwandu ko ta Kalgo, da kuma takardar shaidar naƙasa da dokar naƙasassu ta ba hukumar naƙasassu ta ƙasa ikon bayarwa. Ya kamata wani mai gani da natsuwa ya jera waɗannan takardu ya duba su harafi bayan harafi, domin idan an rubuta Muhammad a wata, Mohammed a wata, ko ranar haihuwa ta saɓa, gyaran yakan ci watanni, kuma ɗalibin da ba ya gani ba shi da hanyar gano kuskuren da wani ya buga masa.

Jarrabawar kammala sakandare

Yawancin kwasa-kwasan jami'a suna neman kiredit biyar a zama ɗaya ko biyu daga WAEC, ko NECO, ko NABTEB, ko NBAIS ga ɗaliban makarantun Larabci da addinin Musulunci. Tun da makaranta ce ke yi wa ɗalibai rajista, shugabanta ne ke da alhakin nuna wa hukumar jarrabawa cewa akwai mai buƙata ta musamman da kuma irin buƙatar tasa, domin takardun tambayoyi na birel da masu manyan haruffa ana buga su ne bisa adadin da aka bayar lokacin rajista, ba a samar da su ranar jarrabawa. Ƙa'idar WAEC ta ba makafi da kurame lokaci ɗaya da rabi na wanda aka ba sauran ɗalibai, ma'ana takardar sa'a biyu ta zama ta sa'a uku, kuma yana da kyau iyaye su tunatar da makaranta wannan a rubuce, a kuma yi amfani da shi tun a jarrabawar gwaji domin ɗalibin ya san yadda zai raba lokacinsa.

Rajista da jarrabawar JAMB

Jarrabawar shiga manyan makarantu ta ƙunshi darussa huɗu, ciki har da Turanci wanda ya zama dole, kuma jimillar makinta 400 ne. Tun daga 2021 ba a yin rajista sai da NIN, inda ɗalibi ke tura lambarsa ta saƙon waya zuwa 55019 ya karɓi lambar buɗe bayanansa, kuma layin wayar da aka yi amfani da shi ya zama na ɗalibin ne shi kaɗai, a kuma adana shi, domin ta nan saƙonnin hukumar za su riƙa zuwa. A cibiyar rajista akwai gurbin da ake nuna nau'in lalura, kuma wannan gurbi shi ne mafi muhimmanci a fom ɗin baki ɗaya, don haka wanda ya raka ɗalibin ya tsaya a bayan mai buga bayanai ya ga an cike shi, sannan a karanta wa ɗalibin takardar da aka buga daga farko zuwa ƙarshe kafin a bar wurin. Wanda ba shi da yatsu, ko na'ura ba ta ɗaukar zanen yatsunsa, ya fara zuwa ofishin JAMB na jiha a Birnin Kebbi tun ranakun farko na rajista, saboda hukumar tana da tsari na daban ga irinsu.

A 2017 shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya kafa kwamitin samar da dama daidai wa daida, wanda aka fi sani da JEOG, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Peter Okebukola, domin shirya wa makafi da wasu masu buƙata ta musamman jarrabawa a ranaku da cibiyoyi na daban. Kebbi tana cikin cibiyoyi 11 da aka yi amfani da su a 'yan shekarun nan, tare da irin su Kano, da Bauchi, da Jos, da Yola, da Abuja, abin da ya rage wa ɗan Gwandu ko ɗan Kalgo doguwar tafiya. Hukumar takan ɗauki nauyin masauki da abinci na ɗalibin da ɗan jagoransa, ta kuma tallafa da kuɗin mota, sannan ɗalibi yana zaɓar ko a ba shi tambayoyin da birel ko a karanta masa su, zaɓin da ya kamata ya yi shi bisa abin da ya saba da shi a aji.

Bayan fitowar sakamako, ana bayar da gurbin karatu ne ta manhajar CAPS, wadda ta fara aiki a 2017, inda dole ne a ɗora sakamakon sakandare, a riƙa dubawa, a kuma danna amincewa cikin wa'adin da aka bayar. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka ƙidaya a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi, waɗanda Kebbi ke cikinsu. Abin lura shi ne tanadin JEOG bai shafi tantancewar da kowace makaranta ke yi da kanta ba, saboda haka sai an sake rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na makarantar da aka zaɓa kafin ranar tantancewar.

Zaɓen makaranta da ziyarar gani da ido

Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, ta fara aiki ne a Kalgo, kuma mazauninta na dindindin yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, don haka ɗan Kalgo yana iya zuwa daga gida, yayin da ɗan Gwandu, ko Dalijan, ko Kambaza zai buƙaci ɗakin kwana. Akwai kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da ta jiha a Dakingari, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, da cibiyar Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ga wanda zirga-zirgar kullum za ta yi masa wuya. A wajen jiha, Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos suna da sassan ilimi na musamman, sannan Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, ta daɗe tana horar da malamai da tafintoci, kuma wanda ya sami shaidar NCE ko difloma yana iya shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu.

Kafin a cike zaɓi a fom, ya kamata ɗalibin da kansa ya ziyarci makarantar a ranar da ake karatu, ya bi hanyar da zai riƙa bi daga ƙofar shiga zuwa sashen da yake nema, zuwa ɗakin karatu, da masallaci, da wurin cin abinci, da ɗakin kwana. Mai keke ya gwada ko keken na shiga ƙofar banɗaki, ya duba ko gangaren da aka yi a bakin gini yana hawuwa ba tare da turi ba, ya kuma lura da inda yashi ke riƙe taya da inda ruwa zai kwanta da damina. Makaho ya lura da buɗaɗɗun magudanan ruwa da wuraren da 'yan kabu-kabu ke tsayawa, kurma kuma ya tambayi ko sashen yana da tafinta da kuma wanda ke biyansa. Amsar da ta fi inganci tana wurin ɗalibai masu irin lalurar da ke karatu a can.

Kuɗi

Lissafin ya haɗa da kuɗin rajista, da na ɗaki, da na abinci, sannan da abubuwan da sauran ɗalibai ba sa biya, kamar takardar birel, da na'urar naɗar murya, da batirin na'urar ji, da kuɗin adaidaita-sahu a inda wasu ke takawa, da ihsanin mai karanta masa littafi. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda aka sanya hannu kan dokarsa a Afrilun 2024, yana biyan kuɗin makarantun gwamnati kai tsaye tare da ba ɗalibi naira 20,000 a wata, ba ruwa a cikin rancen, kuma ana fara biya ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Ana kuma neman tallafin Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jihar Kebbi, a kuma rubuta wa hukumar naƙasassu ta ƙasa game da kayan karatu, tun da sashe na 17 na dokar naƙasassu ya ɗora mata alhakin samar da su.

Makonnin farko a makaranta

Da zarar an kammala rajista, ɗalibin ya rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya zuwa ga shugaban ofishin harkokin ɗalibai, da kwafi ga shugaban sashensa da jami'in jarrabawa, wadda za ta ƙunshi sunansa da lambarsa, da bayanin lalurarsa a jimla biyu, da jerin abubuwan da yake nema ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗaki a ƙasa kusa da banɗaki, da izinin naɗar lacca, da samun takardun darasi ta waya ko kwamfuta, da ƙarin lokaci, da yadda zai rubuta jarrabawa. A haɗa da kwafin rahoton likita, a kuma nemi sakatare ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafin da ɗalibin zai riƙe, domin ma'aikata suna sauyawa, kuma alkawarin baki yakan tafi tare da wanda ya yi shi. Bayan haka ya gabatar da kansa ga kowane malami a mako na farko ko na biyu, ya kuma sake tunatar da jami'in jarrabawa wata guda kafin a fara.

Idan aka ƙi biyan wata buƙata, ana bin matakai ne daga shugaban sashe zuwa shugaban tsangaya, zuwa magatakardan makaranta, duk a rubuce kuma cikin ladabi, tare da ƙungiyar ɗalibai masu buƙata ta musamman idan akwai, kafin a kai ƙara ga hukumar naƙasassu ta ƙasa. A hutun ƙarshen zangon farko kuma, waɗanda suka tsara shirin tun a sakandare su sake zama, ɗalibin ne zai jagoranci zaman, ya bayyana darussan da ya ci da waɗanda suka ba shi wuya, da tanadin da ya samu da wanda bai samu ba, a kan haka ne za a gyara wasiƙar da lissafin kuɗin zango na biyu.